Me ya sa tawul ke yin tauri bayan wanki, kuma yaya ake dawo masa da laushi?

Sabon tawul na da laushi, yana kuma shan ruwa sosai. Amma bayan ƴan watanni sai ya koma ƙandas, yana kartar jiki, har yara su riƙa gudun sa. Mutane da yawa kan ɗauka tsufa ya yi, su sayi wani. Sau da yawa kuwa ba tsufa ba ne: abin da ya maƙale cikin zaren ne, da kuma yadda aka shanya shi.

Inda taurin ke fitowa

Ana saƙa tawul da auduga, fuskarsa cike da ƙananan zarurruka masu lanƙwasa kamar zobba. Su ne ke shan ruwa, su ne kuma ke ba shi laushi. Abu uku ke ɓata su.

Na farko, ragowar sabulu. Tawul na da kauri, yana riƙe kumfa fiye da riga ko zane. Idan ba a ɗauraye shi sosai ba, sabulun na bushewa a ciki.

Na biyu, ruwa mai nauyi, wato mai yawan sinadaran kalsiyom da magneziyom, kamar yadda ake samu a wasu rijiyoyi da rijiyoyin burtsatse. Alamarsa ita ce sabulu ba ya saurin kumfa, kuma farin ɓawo na taruwa a gindin butar shayi. Wannan ruwa na haɗuwa da sabulun sanda ya bar wani dauɗa mai danƙo a kan zare.

Na uku, shanya. A shekarar 2020, masu bincike na kamfanin Kao da Jami'ar Hokkaido a Japan sun nuna cewa ɗan ruwan da ke saura a jikin zaren auduga yana aiki kamar gam, yana manne zarurruka da juna idan kaya ya bushe ba tare da motsi ba. Shi ya sa tawul ɗin da aka bari a igiya cikin ranar watan Afrilu ko Mayu ke saukowa kamar busasshiyar fata.

Yadda za a wanke shi

A wanke tawul shi kaɗai, ba tare da sauran kaya ba. A rage omo, kamar rabin abin da aka saba zubawa, sannan a ɗauraye har sai ruwa ya fito garau. Ruwa mai ɗumi ya fi fitar da maiƙon jiki da na man shafawa. A injin wanki, digiri 40 zuwa 60 ya isa. Kada a cusa injin ya cika maƙil.

Idan tawul ya riga ya yi tauri, a zuba kamar rabin kofi na farin binegar a bokitin ɗauraya na ƙarshe, a jiƙa shi na ɗan lokaci, a matse. Tsamin binegar na narkar da ragowar sabulu da ɓawon ruwa, warinsa kuma na gushewa in ya bushe. Bikarbonat na taimakawa wajen kashe wari, amma a sa shi a ruwan wanki, ba tare da binegar ba, domin suna kashe ƙarfin juna. Da damina, ruwan sama mai tsabta ya fi kowane ruwa kyau wajen ɗauraya.

Hattara: kada a taɓa haɗa binegar da ruwan Javel. Haɗin na fitar da iskar kulorin mai guba, wadda ke ƙona ido da huhu.

Ruwan tausasa tufafi mai ƙamshi da ake sayarwa a kanti kuwa, yana lulluɓe zare da wani santsi. Da farko tawul zai yi laushi, daga baya ya rage shan ruwa. Gara a rage amfani da shi.

Shanya da ajiya

A kakkaɓe tawul da ƙarfi sau da yawa kafin a shanya, a sake kakkaɓe shi bayan ya bushe. Hakan na raba zarurrukan da suka manne. Wuri mai iska ya fi, kuma a kwashe shi da zarar ya bushe, musamman da hunturu da ƙura ke shiga zare. A gaya wa mai wanki da guga kada ya sa masa dutsen guga, domin yana danne zobban.

Bayan wanka a baza tawul ya sha iska, kada a dunƙule shi da danshi. A wanke shi bayan amfani sau 3 ko 4. Kowa kuma ya riƙe nasa, domin makero da wasu cututtukan ido na yaɗuwa ta tawul ɗin da ake tarayya a kai.