Birnin Ƙonni da Illela: kasuwa da sarauta

Illela ta ƙasar Adar ita ce mazaunin Sarkin Adar, sarautar da ta samo tushe daga Agabba, ɗan Sarkin Agadas. Birnin Ƙonni kuwa, a watan Mayu na 1899 sojojin Voulet da Chanoine suka ƙone shi, suka hallaka jama'a mai yawa. Wanda ya ga garuruwan biyu a shekarar, da ya yi zaton Illela ce za ta bunƙasa.

Ba haka aka yi ba. Iyakar da Turawa suka shata ta faɗo daf da Ƙonni, hanyar Yamai zuwa Damagaram ta ratsa shi, ta Sakkwato ta sadu da ita a nan. Albasar Galmi da simintin Malbaza suka samu mafita, mutanen Bazaga suka samu kasuwa kusa. Illela ta tsira da martabar gidan sarauta, amma babbar hanya ta kauce mata.

Wannan ya shafi masu shirya littattafan yaƙi da jahilci. Hausar da ake ciniki da ita a Ƙonni, inda ake cewa "tahi" da "hwari", ta fi kusa da Sakkwatanci bisa Kananci.