Tarihin Injin Kaɗa Kwaɓin Kek

Abin da yake sa kek ya tashi ya yi laushi shi ne iskar da aka tara a cikin kwaɓinsa tun kafin ya shiga tanderu, domin zafin wuta ba ya ƙirƙirar sababbin ƙwayoyin iska, sai dai ya kumbura waɗanda ya tarar, sannan ƙwai da fulawa su daskare a kewayensu su riƙe su a yadda suke. Hanyoyin shigar da wannan iska guda biyu ne tun asali. Ta farko ita ce kaɗa ƙwai, musamman farinsa, wanda kusan kashi 90 cikin ɗari nasa ruwa ne, ragowar kuma furotin, wato sinadarin gina jiki, wanda yake warwarewa idan an buga shi ya lulluɓe ƙwayoyin iska, har farin ƙwan ya zama kumfa mai ninka girmansa na farko kusan sau takwas. Ta biyu ita ce buga bota da sukari tare, inda tsinin ƙwayoyin sukari yake huda ƙananan ramuka a jikin bota har launinta ya koma fari-fari. Dukkan hanyoyin biyu aikin ƙarfi ne, kuma tarihin ƙaramin injin lantarki da ake riƙewa da hannu ɗaya a ɗakin girki, wanda masu sana'ar kek suke kira miksa, tarihi ne na wanda aka ɗora wa wannan aikin a kowane zamani.

A Ingila ta ƙarni na 18 kayan aikin ba su wuce damin siraran tsinkayen itace da aka ɓare ba, sai babban cokalin katako, sai kuma hannun mutum. Littafin girki na Hannah Glasse, wanda ya fito a 1747 kuma aka yi ta sake buga shi shekaru da dama, ya umarci mai yin wani nau'in kek mai yawan bota da ta yi ta bugun kwaɓin har na tsawon awa guda. Irin wannan umarni yana nuna wanda ake sa ran zai aiwatar da shi, domin uwar gidan da ta sayi littafin ba lallai ba ne ita ce za ta tsaya tana bugu. A gidajen masu hali 'yan aiki ne suke yi, a jihohin kudancin Amurka kuwa, kafin a soke bauta a 1865, bayin da aka kamo kakanninsu daga Afirka ne suke ɗaukar wannan wahala a ɗakunan girkin iyayen gijinsu. Saboda haka kek mai laushi ya daɗe yana zama shaidar cewa gida yana da ƙwai da sukari na kashewa, kuma yana da mutanen da za a iya ɓata wa safiya guda a kan abin marmari. Duk wanda yake karanta tsofaffin littattafan girki yana sha'awar ƙwarewar da ke cikinsu ya kamata ya tuna da waɗannan hannaye, waɗanda littattafan ba su ambaci sunayen masu su ba.

Sauƙi na farko ya zo ne ta fannin sinadarai. A ƙarshen ƙarni na 18 matan Amurka sun fara sa wani gishiri da ake tacewa daga tokar itace a cikin kwaɓi don ya tashi, sannan a 1843 wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya haɗa garin da yanzu ake kira bekin foda, wanda yake fitar da iska da zarar ya jiƙe ya ji zafi. Wannan gari ya rage tsawon bugu, amma bai kawar da shi ba, tunda iskar da yake fitarwa tana taruwa ne a ramukan da bugu ya riga ya buɗe, kuma kwaɓin da ba a buga da kyau ba yana fitowa da manyan ƙofofi marasa tsari ko da an cika masa gari.

Sauƙi na biyu ya fito daga hannun maƙera. A 1856 Ralph Collier, maƙerin farin ƙarfe a birnin Baltimore, ya karɓi takardar haƙƙin mallaka, wato shaidar hukuma cewa ƙirƙirar tasa ce, a kan wata na'ura mai sassa masu juyawa, kuma a 1859 J. F. Monroe da E. P. Monroe suka yi rajistar wata wadda ake murza ta da hannu. Kamfanin Dover Stamping ya sayi haƙƙin irin waɗannan ƙirƙire-ƙirƙire ya riƙa ƙera su da yawa, har sunan Dover ya zama sunan kowane abin kaɗa ƙwai a bakin matan Amurka. Hikimar na'urar tana cikin farantin ƙarfe mai haƙora: idan aka murza babban faranti sau ɗaya, ƙananan farantan da ke cizon haƙoransa sai su juya sau da yawa, su kuma su juya waya biyu masu lanƙwasa da suke gilma wa juna ba tare da sun yi karo ba. Manufar dai irin ta maburgi ce da ake murzawa tsakanin tafuka biyu don burga miya, bambancin kawai shi ne haƙoran ƙarfe suna ninka saurin hannu. A 1884 wani baƙar fata mazaunin Cincinnati, Willis Johnson, ya yi rajistar tasa gyararriyar na'urar, wadda aka tsara ta yadda za ta yi aikin haɗa kwaɓi bayan kaɗa ƙwai. A wannan zamanin ne wani kek da ake yi da zallar farin ƙwai masu yawa, ba bota ba gwaiduwa, ya bazu a gidajen Amurka, domin aikin da a da yake cinye awa guda ya dawo na 'yan mintoci, kuma mace ɗaya ba tare da mai taya ta ba tana iya kammala shi.

Shigowar lantarki ta ɗauki lokaci fiye da yadda ake zato. Ana danganta na'urar farko da za a iya haɗa ta da injin lantarki ga Rufus Eastman a 1885, amma injinan wancan lokaci manya ne masu nauyi, kuma gidaje kaɗan ne suke da wuta. Wanda ya mayar da tunanin ya zama sana'a shi ne Herbert Johnston, injiniya a kamfanin Hobart da ke garin Troy a jihar Ohio, wanda ya fara aikin a 1908, kuma zuwa 1915 injinsa mai ɗaukar galan 20, wato kimanin lita 76, ya zama kayan aikin manyan gidajen burodi, rundunar sojan ruwan Amurka ma ta sa shi a jiragenta. A 1919 kamfanin ya fitar da na gida da sunan KitchenAid, sai dai nauyinsa ya kai kusan kilo 30, kuɗinsa kuma dala 189.50, abin da ya zarce albashin wata guda na matsakaicin ma'aikaci, har ta kai kantuna suna ɗari-ɗarin ajiye shi, kamfanin ya koma tura mata gida-gida suna nuna yadda ake amfani da shi.

Abin da ya buɗe hanya ga talaka shi ne ƙanƙancewar injin da kansa. Tun wajen 1910 kamfanin Hamilton Beach da ke Racine a jihar Wisconsin ya inganta wani ƙaramin inji marar nauyi mai saurin juyawa, wanda yake aiki da nau'o'in wutar lantarki biyu da garuruwan Amurka suke amfani da su a lokacin, wato mai tafiya ta fuska ɗaya da mai sauya fuska. A 1930 wani kamfanin Chicago, wanda asalin sana'arsa ƙera injinan askin tumaki da dawaki ne kuma daga baya ya ɗauki sunan Sunbeam, ya fitar da Mixmaster, ƙirar injiniya Ivar Jepson ɗan asalin Sweden, a kan kuɗin da bai kai dala 20 ba. Mixmaster ya ɗauki wayoyin nan biyu masu gilma wa juna na zamanin Dover ya ɗora musu inji a sama a kan gindi mai kwano, kuma ya samu karɓuwa duk da cewa ya fito ne a tsakiyar mummunar karayar tattalin arziki. Amma kasuwarsa ta tsaya a birane, domin a tsakiyar shekarun 1930 kusan gida tara cikin goma na birni suna da lantarki, alhali a gonaki gida ɗaya ne cikin goma. Sai da gwamnatin Franklin Roosevelt ta kafa hukumar kai wuta karkara a 1935 sannan matan manoma, waɗanda su ne suke da ƙwai da madara a wadace, suka shiga sahun masu saye.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka raba injin da gindinsa da kwanonsa baki ɗaya. A farkon shekarun 1950 Sunbeam da wasu kamfanoni suka fara sayar da ƙanana waɗanda ake riƙewa da hannu, a kai su kan kowane kwano ko tukunya, a cire wayoyinsu a wanke, a jefa su cikin durowa. A Ingila kuwa Ken Wood ya fitar da Kenwood Chef a 1950, babba mai gindi, kafin ƙananan su biyo baya. Wannan ya zo daidai da lokacin da 'yan aikin gida suka yi ƙaranci ƙwarai a ƙasashen biyu, kuma kamfanonin fulawa irin su General Mills da Pillsbury suka cika kantuna, daga 1947 da 1948, da haɗaɗɗen garin kek na kwali, wanda ba ya buƙatar komai sai ruwa, wani lokaci da ƙwai, da bugun minti biyu ko uku. Littattafan girki suka sauya harshe: maimakon a ƙidaya yawan bugun cokali, sai aka koma faɗin minti nawa kuma a kan wane mataki na gudu. Masaniyar tarihi Ruth Schwartz Cowan ta nuna a littafinta na 1983 cewa yawancin na'urorin gida ba su rage wa matan Amurka awoyin aiki ba, saboda duk abin da ya yi sauƙi sai a fara sa ran ganinsa kullum, kuma aikin da a da ake rabawa tsakanin mutane da yawa ya koma kan mace ɗaya. Hujjarta ta dace da kek sosai, tunda abin da ake yi don biki ya zama abin da ake tsammani a kowane ƙarshen mako.

Akwai wani sauyi da injin ya kawo wanda ba a cika lura da shi ba, kuma shi ne mafi muhimmanci ga mai amfani da shi. Matsalar mai girki ta ƙarni na 18 ita ce gajiya kafin bugu ya isa, ta mai injin lantarki kuwa ita ce wuce iyaka, domin inji ba ya gajiya balle ya tunatar da ita ta tsaya. Farin ƙwan da aka kaɗa fiye da kima yana bushewa ya tsattsage ya saki ruwa. Kirim ɗin madara yana rabuwa ya zama man shanu da tsala cikin ɗan lokaci kaɗan bayan ya kai inda ake so. Fulawa kuma, da zarar ta haɗu da ruwa aka ci gaba da juya ta, tana gina wani sinadari mai danƙo da ake kira gulutin, wanda shi ake nema a burodi amma shi yake sa kek ya yi tauri. Daga nan ne ƙa'idojin da ƙwararru suke bi suka samo asali: a fara da ƙaramin gudu don kada gari ya tashi, a ƙara gudu wajen bota da sukari har sai sun yi haske, a sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, sannan idan an zo kan fulawa a rage gudu ko a ajiye injin a gauraya da cokali. Bota tana buƙatar ta yi laushi amma kada ta narke, domin narkakkiyar bota ba ta riƙe iska, kuma ɗigon maiƙo ko na gwaiduwa a jikin kwano ko waya yana hana farin ƙwai tashi. Ƙwarewar da a da take cikin damtse ta koma cikin ido, wato sanin lokacin da kumfa ta tsaya da tsini idan an ɗaga waya, kuma wannan ba abu ne da kamfani yake iya sawa a cikin kwali ba.

Ƙaramin injin yana da iyakarsa. Ƙarfinsa yawanci bai wuce wat ɗari biyu zuwa ɗari huɗu ba, kuma haƙoran da ke cikin masu araha na roba ne, saboda haka kwaɓi mai tauri irin na burodi ko na cincin yana iya cinye haƙoran ko ya ƙona injin, ko da an haɗa shi da wayoyin nan masu kama da ƙugiya da ake sakawa cikin kwalinsa.

A garuruwan ƙasar Hausa kek ya samu gurbi a bukukuwan aure da suna da hidimar salla, ƙaramin injin kuma ya zama jarin farko na mata da yawa a Kano da Kaduna da Zariya da Maradi waɗanda suke sana'a daga cikin gidajensu, domin kuɗinsa bai kai na babban mai gindi ba ko kusa, kuma ƙaramin janareta yana iya ɗaukarsa. Sharaɗin da ya jinkirta shi a gonakin Amurka a shekarun 1930 shi ne dai yake iyakance shi a nan, wato samuwar wuta a lokacin da ake buƙatarta. Ga kuma bambancin ƙarfin lantarki, tunda na Najeriya bolt 230 ne, na Amurka kuwa 120, wanda yake sa injin gwanjo da aka ƙera don kasuwar Amurka ya ƙone idan aka jona shi kai tsaye ba tare da na'urar rage ƙarfin wuta ba. Saboda waɗannan dalilai masu sana'ar da yawa suna ajiye abin kaɗa ƙwai na waya da cokalin katako kusa da injin, suna tsara bugun bota da sukari a sa'o'in da aka kawo wuta, gashin kuma su yi shi a tanderun gas ko a cikin babbar tukunya da aka shimfiɗa wa yashi a kan gawayi.