Yadda Na'urar Sayar da Abin Sha Ta Koyi Sakin Kofi Ɗaya

Duk wanda ya saba shan ruwa a bakin randar masallaci ya san moɗa ɗaya ce ke zagaya bakin kowa. Haka Amurka take a farkon ƙarni na 20. A jirgin ƙasa, a makaranta, a tasha, akwai tankin ruwa da kofin ƙarfe ɗaya ɗaure da sarƙa, mai lafiya ya sha, mai tarin fuka ya sha. A 1908 wani malamin kimiyyar halittu a Kwalejin Lafayette, Alvin Davison, ya wallafa bincikensa kan ƙwayoyin cutar da ya samu a kofunan makarantu, kuma abin ya tayar da hankalin iyaye. Shekara ɗaya bayan haka jihar Kansas, bisa jagorancin likitanta Samuel Crumbine, ta haramta kofin gamayya a jiragen ƙasa da makarantu. Sauran jihohi suka bi sahu.

To, in an hana kofin kowa da kowa, da me za a sha? Wani lauya a Boston, Lawrence Luellen, ya riga ya fara neman amsa tun 1907. Ya ƙera na'ura mai ƙanƙara da tankin ruwa da jerin kofunan takarda. Ka jefa senti ɗaya, ta ba ka ruwan sanyi a sabon kofi. Shi da abokin harkarsa Hugh Moore ba su daɗe ba suka gane cewa ruwan ba shi ne abin sayarwa ba, tunda ana samunsa kyauta. Kofin ne. Suka ajiye tankin, suka koma sayar da kofuna da ƙaramar na'urar da ke sakinsu. Sun kira kofin Health Kup, daga baya a 1919 ya zama Dixie, bayan annobar murar 1918 ta sa kowa tsoron bakin ɗan'uwansa.

A nan matsalar sakin kofi ta soma, kuma har yau injiniyoyi suna fama da ita. Ana jera kofuna ne ɗaya cikin ɗaya domin kada su ci wuri. Amma abin da aka cusa cikin ɗan'uwansa yana son ya maƙale. Aikin na'ura shi ne ta saki na ƙasa shi kaɗai, ta riƙe sauran da ke kansa, kuma ya faɗo a tsaye daidai ƙarƙashin bututu kafin ruwa ya zubo. Idan biyu suka faɗo, mai na'ura ya yi asara. Idan bai faɗo ba, mai saye ya tsaya yana kallon abin da ya biya yana malala cikin magudana. Idan ya faɗo a karkace kuma abin mai zafi ne, sai ƙuna. Lokacin da Lloyd Rudd da Cyrus Melikian suka fito da na'urarsu ta gahawa mai suna Kwik Kafe a Philadelphia a 1947, zancen ya tashi daga ruwan sanyi ya koma tafasasshen abin sha, kuskure ya ƙara tsada.

Dabarar da ta zauna da gindinta mai sauƙi ce, kuma a ganina tana cikin kyawawan ƙere-ƙeren da ba a yaba musu. Zobe ne da aka kewaye da ƙananan ƙafafu masu murɗaɗɗen zare irin na kusar juyi. Leɓen kofin ƙasa yana zaune a kansu. Da zarar inji ya juya zoben, sai zaren ya kutsa tsakanin leɓen na ƙasa da na samansa, ya tura ɗaya ƙasa, ya tokare ɗayan. Ba nauyin kofi ake jira ya raba su ba, domin kofin takarda ba shi da nauyin kirki. Ɓanɓare shi ake yi da ƙarfi. Sama da zoben akwai maɗauki mai juyawa da ke ɗauke da layuka da dama, in wani ya ƙare sai na gaba ya matso.

Wannan ya tilasta wa masu yin kofi su bi ma'aunin na'ura. Faɗin baki ya zama tsayayye, galibi milimita 70 ko 73 a na'urorin Turai, leɓen kuma dole a naɗe shi daidai ko'ina. A kofunan roba aka yi ɗan tudu kusa da gindi domin na sama ya zauna a kai, a bar 'yar tazara tsakanin leɓe da leɓe. Masu gyara sun san abokan gabarsu: danshi da ke kumbura takarda, kwalin da aka danne a sito har bakin kofi ya lanƙwashe, da wutar gogayya da ke manna roba da roba. Shi ya sa ƙwararre ba ya zuba layin kofuna kai tsaye daga leda, sai ya ɗan sassauta su da yatsa tukuna.

A Ingila kamfanin Mars ya bi wata hanyar da Klix a 1973: a zuba garin shayi ko gahawa cikin kowane kofi tun daga masana'anta, na samansa ya zama murfinsa. Na'ura ba ta da aikin haɗi, sakin kofi da zuba ruwa kawai. Tsafta ta ƙaru, amma nauyin duka ya koma kan mai sakin kofin. Daga baya aka sa wa na'urori ido mai aiki da hasken da ba a gani, wanda ke tabbatar da kofi ya zauna kafin a buɗe famfo. Wannan idon ne kuma ya ba mutum damar ajiye nasa kofin, na'ura ta gan shi ta fasa sakin nata. A gidajen abinci irin McDonald's, wajen masu saye daga mota, akwai na'urar da ke karɓar oda daga kwamfuta, ta zaɓi girman kofi, ta ɗora shi kan faifai mai tafiya, ta zuba ƙanƙara da lemo, ma'aikaci ya sa murfi kawai.

Yanzu kuma doka ce ke sake juya lamarin. Tun Yulin 2021 Tarayyar Turai ta hana kofunan soso na roba, ƙasashe da dama suna matsa wa sauran kofunan yarwa lamba. Masu na'urori suna komawa takarda, wadda leɓenta ya fi laushi kuma tazararta ta bambanta da ta roba, don haka ana sauya zobe ko a sake saita shi. Kofunan da ake wankewa a sake amfani da su sun fi kauri da nauyi, layi ɗaya ba ya ɗaukar da yawa, sannan sai an tanadi wurin mayar da su da mai wanke su.