The Dark Side of the Moon: Tarihin kundin Pink Floyd da sabon bugunsa

A ranar 24 ga watan Maris na shekarar 2023 ne aka fitar da wani bugu na musamman na kundin waƙoƙin ƙungiyar Pink Floyd ta Birtaniya mai suna The Dark Side of the Moon, wato ɓangaren wata mai duhu, domin cikarsa shekaru 50 da fitowa.

Kundin dai yana daga cikin waɗanda suka fi samun kasuwa a tarihi, inda aka ƙiyasta cewa an sayar da fiye da kwafe miliyan 45 a duniya.

Sai dai fitowar sabon bugun, wanda aka sa wa farashin kusan dala 300 a Amurka, ta sake tayar da wata tsohuwar muhawara: shin irin wannan aiki adana tarihi ne, ko kuwa hanya ce ta sake sayar wa mutane abin da suka riga suka mallaka?

Su wane ne Pink Floyd?

An kafa ƙungiyar ce a birnin Landan a shekarar 1965, da mutane huɗu: Syd Barrett da Roger Waters da Richard Wright da Nick Mason. Sun samo sunan ne daga wasu makaɗa biyu baƙaƙen fatar Amurka, Pink Anderson da Floyd Council.

Barrett ne jagoranta na farko, kuma shi ya rubuta akasarin waƙoƙinta na lokacin. Amma taɓin hankali da shan miyagun ƙwayoyi suka sa ya kasa ci gaba da aiki, har ya bar ƙungiyar a 1968, jim kaɗan bayan da David Gilmour ya shigo a matsayin mai kaɗa jita.

Ana lissafa Pink Floyd cikin ƙungiyoyin da suka yi fice a salon kiɗan da Turawa ke kira progressive rock, wanda ya bunƙasa a Ingila daga ƙarshen shekarun 1960. Sauran sun haɗa da King Crimson da Yes da Genesis da Jethro Tull.

Abin da ya bambanta wannan salo shi ne yadda masu yin sa suka ƙi tsayawa kan waƙar minti uku da gidajen rediyo suka saba sakawa. Sukan tsawaita kiɗa, su aro dabaru daga kiɗan gargajiyar Turai da na jaz, sannan su gina kundi gaba ɗaya a kan jigo guda.

Yadda aka yi aikin

Ƙungiyar ta fara gwada waƙoƙin a gaban jama'a tun kafin ta ɗauke su. An yi gwajin farko a garin Brighton a watan Janairun 1972, sai dai na'ura ta samu matsala, aka katse wasan a tsakiya. A watan Fabrairu kuma suka gabatar da shi ga manema labarai a zauren Rainbow da ke Landan.

An ɗauki sautin ne a ɗakunan kamfanin EMI da ke titin Abbey Road, tsakanin tsakiyar 1972 da farkon 1973. Injiniyan sautin shi ne Alan Parsons, wanda a baya ya yi aiki da ƙungiyar Beatles, kuma albashinsa a lokacin fam 35 ne a mako.

Kundin yana ɗauke da waƙoƙi goma masu tsawon kimanin minti 43, kuma kowane gefe na faifan yana tafiya ne ba tare da tsayawa ba, wata waƙa na shiga cikin wata. Yana farawa da sautin bugun zuciya, ya kuma ƙare da shi.

Wannan ne karo na farko da Roger Waters ya rubuta dukkan baitocin kundi shi kaɗai. Jigonsa shi ne abubuwan da ke matsa wa ɗan Adam lamba: gudun lokaci, da kwaɗayin dukiya, da yaƙi, da tsoron mutuwa, da gushewar hankali. Halin da Barrett ya shiga yana cikin abubuwan da suka ja hankalinsa, shi kuma Waters ya tashi ne maraya, domin an kashe mahaifinsa a Italiya a 1944, lokacin yaƙin duniya na biyu.

Babu kwamfuta a aikin. Domin samar da ƙarar tsabar kuɗi da akwatunan kanti da ke buɗe waƙar Money, sai da aka yayyanka zaren tef, aka auna kowane yanki, aka manne su, sannan aka zagaya da doguwar igiyar a cikin ɗaki. Ƙararrawar agogunan da ke farkon waƙar Time kuwa, Parsons ne ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya a wani shagon tsofaffin kaya.

Haka kuma an yi wa wasu mutane da ke wurin tambayoyi game da mutuwa da faɗa da hauka, aka sanya amsoshinsu a cikin kiɗan. Daga cikinsu akwai mai gadin ƙofar ginin. An ɗauki muryar Paul McCartney ma, amma ba a yi amfani da ita ba.

Karɓuwa

An fitar da kundin a Amurka ranar 1 ga watan Maris na 1973, a Birtaniya kuma a tsakiyar watan. Bangonsa baƙi ne, ba sunan ƙungiya ba hoton mawaƙa, sai zanen haske yana ratsa wani gilashi mai kusurwa uku yana fitowa da launuka shida. Kamfanin zane na Hipgnosis ne ya tsara shi.

Mako ɗaya tak ya yi a matsayi na farko a jerin mujallar Billboard ta Amurka, a Birtaniya kuwa a na biyu ya tsaya. Amma ya shafe fiye da makonni 700 a jerin na Billboard tsakanin 1973 da 1988. A shekarar 2013 ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sanya shi cikin rajistar sautukan da za a adana saboda muhimmancinsu.

Mene ne sake tace sauti?

Akwai ayyuka iri biyu da mutane kan rikita.

A lokacin ɗauka, an yi amfani da na'ura mai layuka 16, inda ganga da jita da murya da sauran kayan kiɗa kowanne ke da nasa layi a kan tef. Daga nan aka haɗa su zuwa layuka biyu, na dama da na hagu. Wannan tef na ƙarshe shi ne uwa, wanda daga gare shi ake buga faya-fayai.

Sake tacewa shi ne a koma ga wannan uwar tef, a kwafe ta da na'urorin zamani, a daidaita kauri da sirantar sauti, a rage ƙugi, ba tare da an taɓa yadda aka haɗa kayan kiɗan ba.

Sake haɗawa kuwa ya fi haka zurfi. A nan ana komawa ne ga layukan asali, a sake yanke shawara kan abin da zai fito fili da abin da zai koma baya. Sakamakon zai iya bambanta sosai da abin da aka sani.

Bukatar yin aikin ta samo asali ne daga raunin tef ɗin kansa. Leda ce da aka shafa wa garin ƙarfe, kuma zafi da laima da yawan juyawa suna lalata ta. Wasu nau'o'in da aka yi daga tsakiyar shekarun 1970 sukan yi danƙo, har sai an gasa su a wuta mai sanyi na sa'o'i kafin a iya sauraronsu. Gobarar da aka yi a ma'ajiyar kamfanin Universal a Los Angeles a 2008, wadda ta cinye dubban irin waɗannan tef na asali, ta nuna yadda za a iya rasa su a dare ɗaya.

Bugu bayan bugu

Ba a 2023 aka fara sabunta wannan kundi ba. A 1979 kamfanin Mobile Fidelity ya fitar da faifan garmaho na musamman ga masu son ingancin sauti. A farkon shekarun 1980 ya fito a faifan CD, a 1993 kuma aka yi bugun cika shekaru 20.

A 2003 injiniya James Guthrie, wanda ya fara aiki da ƙungiyar tun lokacin kundin The Wall na 1979, ya sake haɗa shi domin lasifikoki shida masu kewaye mai sauraro. Alan Parsons, wanda tun a shekarun 1970 ya yi nasa haɗin na lasifikoki huɗu, ya nuna rashin jin daɗinsa da ba a sanya shi a aikin ba. A 2011 kuma aka fitar da akwati mai faya-fayai shida.

Akwatin 2023 ya ƙunshi kundin da Guthrie ya sake tacewa, a kan CD da faifan garmaho, da faya-fayan Blu-ray da DVD. Sabon abu a ciki shi ne haɗin Dolby Atmos, tsarin da ke sa a ji sauti daga gaba da baya da kuma saman kai.

Akwai kuma wasan da ƙungiyar ta yi a zauren Empire Pool da ke Wembley a watan Nuwamban 1974, wanda BBC ta ɗauka, da littafin hotuna mai shafi 160, da littafin rubutaccen kiɗa, da kwafen ƙananan faya-fayai biyu. Aubrey Powell, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Hipgnosis, yana cikin masu tsara akwatin. A watan Oktoban shekarar aka fitar da kundin shi kaɗai a farashi mai sauƙi.

Muhawara

Masu suka sun yi nuni da cewa babu wata waƙa a akwatin da ba a taɓa ji ba, domin wasan Wembley ma ya riga ya fito a 2011.

Akwai kuma saɓani kan ingancin. Faifan CD yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa, yayin da na Blu-ray ke kaiwa sau 192,000. To amma ma'aunin CD ya riga ya ɗauke dukkan abin da kunnen ɗan Adam ke iya ji, don haka injiniyoyi da dama ke ganin cewa bambancin da ake ji yana zuwa ne daga hannun mai tacewa, ba daga girman alƙaluman ba.

Masu goyon baya kuwa na cewa kowane zamani da na'urorinsa, kuma kundin da ba a sabunta ba yakan ɓace wa matasa. Kasuwa ma ta taimaka musu: a 2022 yawan faya-fayan garmaho da aka sayar a Amurka ya zarta na CD, a karon farko tun 1987.

Doka ma tana da hannu. A Birtaniya da Tarayyar Turai, sautin da aka fitar yana samun kariyar haƙƙin mallaka ta shekaru 70, amma wanda aka ajiye ba a fitar ba yakan rasa kariya bayan shekaru 50. A watan Disambar 2022 an ɗora wasanni 18 da ƙungiyar ta yi a 1972 a intanet ba tare da wani shela ba, matakin da masu sharhi suka danganta da wannan doka.

Wa ke da haƙƙi?

Batun wanda ya cancanci yabo da kuɗi ya daɗe yana bin wannan kundi. Fam 30 aka biya mawaƙiya Clare Torry saboda muryar da ta rera ba tare da kalmomi ba a waƙar The Great Gig in the Sky. A 2004 ta shigar da ƙara tana cewa ita ta ƙirƙiri karin, a 2005 aka sasanta a wajen kotu, kuma tun daga lokacin ake rubuta sunanta tare da na Richard Wright a matsayin mawallafa.

Tsakanin 'yan ƙungiyar ma jituwa ta yi ƙaranci. Waters ya fice a 1985, kuma su huɗun ba su sake hawa dandali tare ba sai a wasan Live 8 na 2005 a Landan. Barrett ya mutu a 2006, Wright kuma a 2008.

A watan Oktoban 2023 Waters ya fitar da nasa sabon ɗaukar kundin gaba ɗaya, mai suna The Dark Side of the Moon Redux, ba tare da ko ɗaya daga cikin tsoffin abokan aikinsa ba.

Shekara guda bayan haka, a watan Oktoban 2024, rahotanni suka ce kamfanin Sony ya sayi haƙƙin sautukan da ƙungiyar ta ɗauka, tare da na amfani da sunanta, a kan kimanin dala miliyan 400. Cinikin bai haɗa da haƙƙin wallafar waƙoƙin ba, wanda ya rage a hannun waɗanda suka rubuta su.