Daga Zugazugi Zuwa Injin Kwamfuta a Ƙasar Boɗinga da Shagari

Sa'ad da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, ya zauna a Sifawa wajen shekarar 1810, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya sauka a Boɗinga kusa da shi, jama'ar da ta taru a wannan yanki ba ta malamai da almajirai kaɗai ba ce, domin mayaƙan da ke bukatar mashi da takobi da linzami, da manoman da ke ciyar da su da hauya da lauje, duk a ƙofar maƙeri suke tsayawa. Fuƙaha'u sun lissafa irin wannan sana'a cikin farillan kifaya, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, a littafinsa Usulus Siyasa, ya sanya kula da masu sana'a, har da maƙera, cikin wajiban shugaba.

Abin lura ga maƙerin wancan zamani shi ne babu wani kayan aikinsa da ya gagare shi gyara. Tama daga ƙasa ake haƙo ta a narka, gawayi na ƙirya ne, zugazugi fatar akuya ce wadda yaro ke matsawa hannu bi hannu har ƙarfe ya yi ja, masaba da awartaki kuwa shi ya ƙera abinsa a kan uwar maƙera. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, ko da yake jirgin ƙasa a Ƙaura Namoda ya tsaya a 1929, manyan motoci sun kawo tsofaffin ƙarafa masu araha, narkar da tama ta mutu, ƙira kuwa ta rayu a kan gawar mota. Daga baya aka sami masu walda da masu gyaran injin niƙa da famfon fadama a bakin hanyar da ta bi ta Boɗinga da Shagari zuwa Tambuwal da Jega.

Ɗan wannan ƙasa ne, Alhaji Shehu Shagari, ya aza harsashin masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta a 1980, a shekarar kuma aka kafa kamfanin Nigeria Machine Tools a Osogbo tare da kamfanin HMT na Indiya, bisa niyyar Nijeriya ta riƙa ƙera injinan da ke ƙera injina. Niyya ta yi kyau, amma Ajaokuta ba ta kai ga abin da aka yi buri ba, shi ya sa har yau mai ƙaramin shago yana duban ƙetare.

Injin sassaƙar ƙarfe da kwamfuta ke sarrafawa, wanda ake kira CNC, asalinsa Amurka, inda jami'ar MIT ta nuna samfurin magabacinsa a 1952, yanzu kuwa ƙanana masu sauƙin kuɗi na zuwa daga Sin. A ganina, wanda zai saye shi a nan, kafin ya tambayi farashi, ya kamata ya tambayi nauyinsa, domin mara nauyi yana karkarwa in ya haɗu da baƙin ƙarfe, sai dai ya ci katako da alminiyam. Sa'an nan ya dubi wuta, tun da yawancin manyan suna son layi uku, kuma ɗaukewar lantarki a tsakiyar aiki takan ɓata ƙarfen, wani lokaci ta karya haƙorin yanka. Ga ƙurar hunturu da ke shiga hanyoyin da kan injin ke zamewa a kai. Mafi wuya duka shi ne allon lantarkin da ke cikinsa, wanda in ya ƙone ba a hura masa wuta a daidaita shi, sai a aika Kano ko Legas, wani lokaci har Sin, shago na rufe ana jiran saƙo.