WAI NA KAUCE

'Yan uwana mata, abin da ya sa na ɗauko wannan magana wani abu ne da ya same ni a Fagge. Na rubuta waƙa a cikin littafina, na ce bari in kai a ɗora mata kiɗa. Karin na kakata ne, wanda take yi in tana niƙa. Mai fiyanon, yaron kirki da ya koyi aikin a Sabon Gari, ina cikin rerawa sai ya tsai da ni: "Hajiya, kin kauce." Ya danna wani maɓalli, ya yi wa muryata ƙasa, ya danna na kusa da shi, ya yi mata sama. Har sau uku. Wallahi na ji kunya, na koma gida ina cewa ashe tsohuwa shekara da shekaru kuskure take yi?

Sai da na bincika na gane ba haka ba ne. Fiyano, daga sauti zuwa inda zai maimaita kansa a sama, matakai 12 Turawa suka yanka masa, kamar matakalar bene. Murya kuwa gangara ce, ko'ina tana iya tsayawa. Ku dubi kukumar Garba Supa, tsirkiya ɗaya ce, ba a shata wa yatsa wurin tsayawa ba. Haka mai kalangun Shata, matsawa yake a hammata har ya sami abin da kunnensa ke so.

Wasu al'ummun sun raɗa wa wannan ɗan tsakanin suna. Indiyawa, waɗanda iyayenmu suka sha kallon finafinansu a Plaza ta Fagge da El Dorado ta Sabon Gari, tun a tsohon littafinsu Natyashastra sun ƙidaya guda 22, suna ce musu shruti, wato abin da aka ji. Sunan nan ya burge ni ƙwarai, kunne ne alƙali ke nan. Wajen 1840 wani mutumin Labanan, Mikha'il Mishaƙa, ƙasar su Kwaran da suka kawo mana silima, ya yi rubutu kan raba matakan Larabawa gida 24, kowanne rubu'in sauti. A 1885 wani Bature, Alexander Ellis, ya zo da ma'aunin da ya tsaga tsakanin maɓalli da maƙwabcinsa gida 100.

To kada ku ce da suna ya samu rigima ta ƙare. A 1932 Sarki Fu'ad na Masar ya tara masana kiɗa a Alƙahira, wasu suka ce a daidaita 24 ɗin nan kai ɗaya, wasu suka ce makaɗa ba haka suke bugawa ba, aka watse ba a gama shiryawa ba. Duk da haka tun da suna da lissafinsa, sai da aka ƙera wa Larabawa fiyano mai bayar da rubu'in. Mu kuwa tun da fiyano ya shigo waƙoƙin fim a shekarun 1990, mawaƙa ake lanƙwasawa su bi shi.

Na koma wurin yaron nan bayan mako biyu. Akwai wata 'yar taya a gefen hagu na fiyanonsa mai karkata sauti, na ce ya riƙa turata a hankali ina rerawa. A karo na huɗu muka haɗu. Ya ɗago ya ce, "Hajiya, wannan wurin me ake ce masa?" Na ce ya rubuta Goggo.