Ƙuri'a Ɗaya Da Ta Hana A Tsige Shugaban Amurka A 1868

Wani mai bibiyar wannan shafi ya aiko da tambaya daga Zariya: ta yaya Majalisar Wakilan Amurka ta tuhumi Donald Trump har sau biyu, a 2019 da 2021, amma bai sauka daga mulki ba sai da wa'adinsa ya cika? Tambayar ta dace. Mu da muka aro tsarin shugaba mai cikakken iko daga wurinsu a 1979, shekara biyu ba ta cika ba aka tsige Gwamna Balarabe Musa a Kaduna. Su kuwa masu abin sun haura shekara 230 ba su cire shugaba ko ɗaya ta wannan hanya ba.

Tsarin mulkinsu ne ya raba aikin gida biyu. 'Yan Majalisar Wakilai su ke shigar da ƙara, kuma rinjaye ko na mutum ɗaya ya ishe su. Majalisar Dattawa ita ke zama kotu, Alƙalin Alƙalai ya jagoranci zaman, kuma shugaba ba ya faɗuwa sai kashi biyu bisa uku na sanatoci sun ce yana da laifi. A shari'a ɗaya tak aka zo dab da cika wannan adadi, ranar 16 ga Mayu 1868.

Wanda aka gurfanar shi ne Andrew Johnson, tela ɗan talakawa da bai taɓa zama a aji ba, wanda matarsa ta taimaka masa ya ƙware a rubutu da lissafi. Ɗan Kudu ne, ɗan jam'iyyar Democrat, kuma ya mallaki bayi. Amma da jiharsa ta Tennessee ta ɓalle a yaƙin basasa, shi kaɗai ne sanatan jihohin da suka ɓalle da ya ƙi bin su. Wannan ya sa 'yan Republican suka haɗa shi da Abraham Lincoln a zaɓen 1864 don su jawo ƙuri'u. Ba wanda ya yi tunanin zai mulki ƙasar. Sati shida da rantsar da shi mataimaki aka harbe Lincoln, a Afrilun 1865.

Yaƙi ya ƙare, bayi kusan miliyan huɗu sun samu 'yanci, saura a san matsayinsu. Johnson ya yafe wa dubban waɗanda suka yi tawaye, ya karɓe gonakin da aka fara raba wa 'yantattun bayi ya mayar wa tsofaffin iyayengijinsu, ya zuba ido jihohin Kudu suna kafa dokokin da suka mayar da baƙar fata bawa a komai in ban da suna. A Mayun 1866 aka kashe baƙaƙen fata 46 a Memphis. Duk dokar da majalisa ta yi don kare su, sai ya hau kujerar naƙi. Sau 29 ya ƙi sa hannu a kan doka, sau 15 majalisa ta tara kashi biyu bisa uku ta zartar ba da shi ba. Ba a taɓa yi wa wani shugaban Amurka haka ba, kafinsa ko bayansa.

Sai majalisa ta haƙa masa rami. A Maris 1867 ta yi dokar da ta hana shugaba korar manyan jami'an da Majalisar Dattawa ta tantance sai da yardarta. Kowa ya san don Ministan Yaƙi Edwin Stanton aka yi ta, domin sojojin da ke ƙarƙashinsa su ne garkuwar baƙaƙen fata a Kudu. Johnson ya kore shi ranar 21 ga Fabrairu 1868. Stanton ya ce ba inda za shi, ya kulle kansa a ofis, a nan yake ci a nan yake kwana har tsawon makonni. Bayan kwana uku wakilai 126 suka amince a tuhumi shugaban, 47 suka ƙi. Aka shirya tuhuma 11, mafi yawansu a kan korar Stanton.

Sanatoci 54 ne a lokacin, ana neman 36. Thaddeus Stevens, ɗan Majalisar Wakilai mai gabatar da ƙara, tsohon da ya fi kowa zafi a kan haƙƙin baƙar fata, ciwo ya ci ƙarfinsa har sai an ɗauko shi a kujera ake kawo shi zauren. Sanata James Grimes shi ma ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi kwanaki kaɗan kafin ƙuri'a, aka tallabo shi ya zo ya ce babu laifi. An riga an san inda kusan kowa ya dosa, ban da Edmund Ross na Kansas, tsohon ɗan jarida kuma tsohon soja, wanda mutanen jiharsa suka yi ta aiko masa da saƙon tangarahu cewa ya kayar da Johnson. Da Alƙalin Alƙalai Salmon Chase ya kira sunansa, ya miƙe ya ce babu laifi. Aka tashi 35 da 19. Aka sake gwadawa ranar 26 ga Mayu a kan wasu tuhume-tuhume biyu, adadin bai canza ba, Stanton ya tattara takardunsa ya bar ofis.

A nan masana tarihi suka rabu. Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne wanda John F. Kennedy ya bayar a littafinsa Profiles in Courage na 1956, tun yana sanata: Ross gwarzo ne da ya sadaukar da siyasarsa don kada ofishin shugaban ƙasa ya zama ɗan aiken majalisa. An daɗe ana karanta wa yaran Amurka wannan. Ni ban yarda da shi ba, kuma ga dalilina.

Johnson ba shi da mataimaki, saboda haka da ya faɗi, shugaban riƙo na Majalisar Dattawa, Benjamin Wade, shi zai gaje shi. Wade na kusa da Samuel Pomeroy, ɗayan sanatan Kansas, wanda ba sa ga maciji da Ross a kan rabon muƙamai a jihar. Hawan Wade na nufin Ross ya rasa komai a gida. Ƙura ba ta gama lafawa ba Ross ya fara kai wa Johnson sunayen mutanensa yana neman musu aiki, yana tuna masa abin da ƙuri'ar ta jawo masa. Cikinsu har da Perry Fuller, ɗan kwangilar da ya tsaya masa a siyasa, wanda aka ba shugabancin kwastam a tashar New Orleans, daga baya aka tuhume shi da wawure kuɗin gwamnati. Kwamitin ɗan Majalisar Wakilai Benjamin Butler ya binciki zargin cin hanci bai samo hujjar da za ta kama wani sanata ba, don haka ba zan ce Ross ya karɓi kuɗi a hannu ba. Amma mutumin da ya je karɓar ladan ƙuri'arsa cikin 'yan makonni bai cancanci rawanin jarumta ba. Ko asarar da ake cewa ya yi ba ta ɗore ba: ya rasa kujerarsa a 1871, ya koma Democrat, a 1885 aka naɗa shi gwamnan yankin New Mexico.

Akwai waɗanda suka ƙi kayar da Johnson bisa hujja, irin su Lyman Trumbull da William Fessenden. Sun ga dokar hana korar jami'an kanta tana da rauni, tunda Lincoln ne ya naɗa Stanton ba Johnson ba, kuma sun ji tsoron ranar da duk jam'iyyar da ta tara sanatoci za ta riƙa cire shugaban da ba ta so. Sun kuma samu tabbaci ta bayan fage cewa Johnson zai sassauta, zai ba Janar John Schofield ma'aikatar yaƙi. Tarihi ya ba su gaskiya a fannin doka: an soke dokar a 1887, a 1926 kuma Kotun Ƙoli ta bayyana cewa tun farko ta saɓa wa tsarin mulki. Abin da ke ci mini rai shi ne, babban laifin Johnson shi ne jefa mutanen da aka 'yanta a hannun waɗanda suka bautar da su, amma masu ƙararsa suka jingina shari'ar a kan korar minista ɗaya, domin ita ce suke ganin za ta shiga. Suka faɗi a kan ƙaramin laifi, babban kuwa ba a saurare shi yadda ya kamata ba.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Richard Nixon ya yi murabus a Agustan 1974 kafin a kai ga tuhumarsa a zauren wakilai. Bill Clinton ya tsira a 1999. Trump ya tsira a 2020, sannan a Fabrairun 2021 sanatoci 57 suka same shi da laifi, ana bukatar 67. Johnson kuwa jiharsa ta sake zaɓarsa sanata a 1875, ya koma zauren da aka yi masa shari'a, ya rasu a ƙarshen Yulin wannan shekara.